Kafin ka bari a ɗora wa motarka injin folish

Hunturu ya shigo, motoci duk sun yi furu-furu, kuma na lura kusan kowane wurin wankin mota a garin nan yanzu ya ajiye injin folish. Kana zaune kan benci kana jira a gama maka wanki, sai yaro ya zo ya shafa bonat ya ce, "Alhaji, fentin nan ya mutu fa, a buga mata folish ta dawo sabuwa." Da yawa daga cikinmu sai mu ce to bismillah, don kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma gaskiya idan aka gama motar tana ɗaukar ido. Abin da ba a faɗa mana shi ne da me aka sayi wannan sheƙin. Shi nake son mu ɗan tattauna, don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Da can wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Fenti ya lalace, a sake fesawa, ko a sayar a sayi wata. Amma tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, sannan a watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowa ya ga yadda kuɗin mota ya koma. Ma'aikacin da a da yake canza mota duk bayan shekara huɗu ko biyar, yau Corolla ɗinsa ko 406 ɗinsa yake lallaɓawa kamar ƙwai. Fentin ma da tina da sauran kayan aikin yawanci daga waje suke zuwa, su ma sun bi dala. Ga kuma maganar kasuwa: duk wanda ya taɓa sayar da mota ya san tambayar farko da dillali zai yi ita ce, "Fes bodi ce?" Fentin kamfani kuɗi ne a jikin mota, kuma idan ya tafi ya tafi ke nan, babu mai fentin da zai dawo maka da irinsa.

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen ƙasa da ke riƙe ƙarfe yana hana tsatsa, sai launin da ido ke gani, sai wani rufi garai-garai kamar gilashi a sama, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Duk ka haɗa su, kaurinsu bai fi maikiron 100 zuwa 150 ba a yawancin motoci, wato kusan kaurin takardar A4 guda ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Ita kiliyar kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ce, ba ta wuce rabin takardar ba. Ɗauki takarda ka kalle ta ta gefe, ka raba biyu a ranka. Iya abin da ke tsakanin launin motarka da ranar Kano ke nan. Ita ke ba da sheƙi, ita ke ɗauke da sinadarin da ke tare zafin hasken rana don kada launi ya koɗe.

To shi folish ba wani abu yake ƙarawa ba, ragewa yake yi. A cikinsa akwai ɓarɓashi mai laushin gaske da ke aiki irin na samfefa. Ƙananan zane-zanen da kake gani a jikin mota idan rana ta haska, masu kama da saƙar gizo-gizo, ramuka ne a cikin kiliya. Folish ba ya cike su. Kankare kewayensu yake yi har sai wurin ya yi daidai da ƙasan ramin, sai haske ya daina watsewa, sai ka ga sheƙi. Ke nan duk lokacin da aka buga wa mota folish an ci wani abu daga rabin takardar nan. Mai laushi, a hannun wanda ya iya, abin da zai ci kaɗan ne, kamar maikiron biyu ko uku. Mai kaushi da inji mai gudu yana iya cin ninkin haka sau da yawa a zama ɗaya. Kuma kiliya ba gashi ba ce balle ta sake tsirowa. Wanda yake folish duk wata, ko duk Sallah da duk biki, aske motarsa yake yi sannu a hankali.

Kun san motocin nan, musamman tsofaffin Honda da Camry, da za ka ga saman rufinsu da bonat sun yi fari-fari suna saɓulewa kamar fatar maciji? Kiliya ce ta mutu. Rana ce babbar mai laifi, amma kiliyar da aka riga aka sirantar da ita ta fi saurin miƙa wuya. Idan mota ta kai wannan matakin babu folish ɗin da zai yi mata magani a duniya, ƙara ɓata ta ma zai yi. Sai fenti.

Injin ma iri-iri ne. Akwai mai juyawa wuri guda kamar fanka, shi ne aka fi gani a wajenmu. Yana aiki da sauri, amma yana tara zafi, kuma idan aka tsaya da shi wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu zai iya ƙone fenti. Akwai kuma wanda yake juyawa yana karkarwa lokaci guda, ba ya maimaita layi ɗaya, shi ya fi aminci nesa ba kusa ba, ko ɗan koyo da wuya ya yi ɓarna da shi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na uku: giranda irin ta masu walda da aka ɗaura wa soso. Injin folish na gaskiya gudunsa bai wuce juyi 3,000 a minti ba, kuma ba a ma kai shi can. Ƙaramar giranda kuwa tana yin sama da 10,000. Wallahi in ka ga an nufo motarka da ita, tashi ka karɓi makullinka.

Wani maƙwabcina yana da baƙar Accord da yake ji da ita. Ana gobe ɗaurin auren ƙaninsa ya kai ta aka buga mata folish da tsakar rana, a fili, babu ko rumfa. Da yamma ta dawo tana walƙiya, har yara suna duba fuskarsu a ƙofa. Bayan wanki biyu sai ga wasu layuka masu kama da hayaƙi sun fito a duk gefenta, sannan a kan ƙashin bonat, inda ƙarfen ya lanƙwasa, wani dogon layi mai ruwan toka ya bayyana. Shafen ƙasa ne ya leƙo. A irin waɗannan gefuna da kusurwoyi fenti ya fi siranta tun daga kamfani, kuma nan ne nauyin inji ke taruwa. Dole aka sake fesa bonat ɗin gaba ɗaya, kuma har yau in ka tsaya a gefe za ka ga baƙinsa ya ɗan bambanta da na sauran jikin. Motar ta tashi daga fes bodi saboda kwalliyar kwana ɗaya.

Me ya sa sai bayan wanki biyu abin ya fito? Saboda da yawa daga cikin mayukan nan suna da maiƙo da ke cike zane na ɗan lokaci. Ido zai ga lafiya lau, sabulu na wanke maiƙon sai gaskiya ta fito. Masu sayen mota su lura da wannan, motar da ke ƙyalli fiye da kima a filin dillalai a duba ta da kyau, in da hali bayan an wanke ta.

Amma fa in za a yi adalci, yawancin zanen da ke sa mu neman folish mu muke yin sa da hannunmu, ko yaranmu, ko maigadi. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta wanda ya fi fenti tauri. Da safe a ɗauko busasshen tsumma, galibi tsohuwar singileti, a bi mota da shi ana gogewa. Wannan da samfefa duk ɗaya ne. Kullum, wata uku. Sannan a je wurin wanki, bokiti ɗaya, soso ɗaya, da shi za a wanke taya da shi za a hau bonat, in ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba. A zuba garin sabulun wanki na kaya, wanda ke wanke duk wani waks da ke kare fentin. Wasu har kananzir ko gas suke ɗigawa a ruwa wai don sheƙi. Man birki kuwa ko kusa kada ya taɓa fenti, cin sa yake yi.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A fara watsa ruwa sosai ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa jikin. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Daga sama zuwa ƙasa, taya a ƙarshe da nata soson daban. Sabulun mota da tawul mai laushin nan na maikirofaiba ana samunsu a Ƙofar Ruwa da Panteka da shagunan kayan mota, saya naka ka ajiye a but ka riƙa miƙa wa mai wankin. In babu ruwa da safe, goge gilasai kawai ka tafi, ƙura a kwance ba ta yi wa fenti komai, jan ta ne ke zane. Kashin tsuntsu da na jemage ne ba a bari ya kwana, masu ajiye mota a gindin darbejiya sun san zancen. A jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke, kada a kankare.

Sai ruɗanin suna. Mu komai folish muke ce masa, alhali abu uku ne. Kamfawun shi ne mai kaushi, na zane mai ɗan zurfi. Folish shi ne mai laushi, na fito da sheƙi. Waks kuwa ba ya cin komai, rufi ne yake yi a sama don kariya. A ganina, cikin motoci goma da ake ce wa suna buƙatar folish, mafi yawansu wanki mai kyau da waks kawai suke nema. Har shafen siramik ɗin da ake yayi yanzu dangin kariya ne, ya fi waks daɗewa, amma ba ya hana zane kamar yadda ake tallatawa, kuma kafin a shafa shi ma sai an yi folish, don haka a kula da wa zai yi.

Idan zane ne ya dame ka, gwada shi da farce. In farcenka ya wuce sumul, ko kuma ka zuba ruwa ka ga zanen ya ɓace kafin ya bushe, to a cikin kiliya yake, folish zai iya. In farce ya maƙale, ko kana hango fari ko toka a ciki, ya riga ya wuce. Bin sa da inji sai dai a cinye lafiyayyen fentin da ke kewaye. Irin wannan ɗan ɗigon fenti mai lambar launin motar ake sa masa, ko a haƙura da shi. Ni dai na fi son mota mai zane biyu-uku da fentinta na asali a kan mai santsi da kiliyarta ta kusa ƙarewa.

In kuma folish ɗin ya zama dole, to a inuwa, jikin mota a sanyaye. Bonat ɗin baƙar mota a ranarmu yana iya wuce digiri 70, man bushewa yake yi nan take ya koma yana zane. A wanke ta tas ta bushe, ka shafa ka ji babu tsakuwa-tsakuwa. A manne tef a kan robobi da gefuna da ƙasusuwan bodi. A fara da mafi laushin mai da mafi laushin soso a wani ɗan wuri, a goge a haska da tocilan a gani. In ya yi, shi ke nan, ba sai an hau zuwa mai kaushi ba. A riƙa ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin dardumar salla a naɗe biyu, soso a kwance ba a karkace ba, inji yana tafiya ba ya tsayawa, ba a danna shi. Kana iya sa bayan hannunka a wurin, in ya yi zafin da ba za ka iya bari ba, a dakata. Bamba ta roba ta fi saurin ƙonewa don ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Soson kuma a riƙa tsaftace shi, wanda ya yi mota biyar ba a wanke ba yashi ne a cikinsa. Ana gamawa a bi da waks, don fentin a tsirara yake a lokacin.

Abu biyu da za su iya ruɗa mutum. In ana gogawa ka ga launin motar ya fito a jikin soso, a motar zamani wannan alama ce an huda kiliya, a tsaya nan take. Amma tsofaffin motoci irin su 504 da wasu fararen motocin haya da aka fesa musu fenti mai hawa ɗaya, ba su da kiliya daban, su dama launinsu yana fita, ba abin tsoro ba ne. Na biyu, yawancin motocinmu an taɓa fesa wani sashe nasu tun kafin su zo hannunmu, wani wurin ma akwai foti a ƙasa. Ba ka san kaurin abin da ke wurin ba. Akwai ɗan na'urar auna kaurin fenti da wasu masu duba mota ke yawo da ita, duk mai sana'ar folish da gaske ya kamata ya mallake ta. Sabon fenti kuma a bar shi wata ɗaya zuwa uku kafin a sa masa waks, ya gama fitar da tinarsa, tambayi wanda ya fesa.

Ba ina cewa a daina bai wa yaran nan aiki ba ne, neman halal suke yi a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma akwai waɗanda suka ƙware ƙwarai a cikinsu. Yawanci babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu kaurin abin da suke gogawa, inji kawai aka miƙa musu. Kai mai mota ka yi tambaya: wane mai za ka sa, wane inji, a ina za ka fara gwadawa? Wanda ya iya zai ji daɗin tambayar, har ya ƙara maka bayani. Wanda ya ce "Alhaji bar min kawai, minti talatin na gama," to ka sani folish ɗin mota guda na ƙwarai yana cin sa'o'i, wani lokaci yini guda. Ce masa ya wanke kawai ya sa waks, bayan wata biyu ko uku ka dawo a sake.