Kiɗan da Ya Danne Magana

Na tashi a gidan da shiru ba ya kwana. In janareton maƙwabta ya huta, injin markaɗe zai karɓa. Da na shiga jami'a sai na gano cewa sautin ruwan sama da nake kunnawa a waya yakan lulluɓe hayaniya, hankalina ya tattaru a kan littafi. Daga nan na ɗauka kunnen kowa irin nawa ne.

Aikina na farko da na koyi ƙera manhaja shi ne wata 'yar manhajar sauraron tatsuniyoyi. Na shimfiɗa kiɗan gurmi a ƙarƙashin muryar mai ba da labari, yana tashi da kansa da zarar an buɗe. Na kai wa Kawu, wanda shekaru suka rage wa ji, ina jiran yabo. Ya kara wayar a kunne, ya jima yana saurare, sannan ya miƙo mini.

"Ɗana, makaɗin nan ya iya, amma me matar take cewa?"

Kunya ta rufe ni. Kwana biyu bayan haka, wata abokiyar karatuna makauniya ta shaida mini cewa kiɗan ya danne muryar TalkBack mai karanta mata abin da ke kan allo, har ta rasa maɓallin fita.

Sai na koma ga ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008. Sun tanadi cewa sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3, dole a ba mutum hanyar tsayar da shi, ko ta rage shi shi kaɗai. Kiɗan bayan magana kuwa, in ba a iya kashe shi, ya gaza ta da aƙalla desibel 20. Shi ma kamfanin Apple, da ya kawo sautin ruwan sama da na teku a 2021, cikin saitin masu buƙata ta musamman ya ajiye su, sai wanda ya so zai kunna.

Na sake ginin. Yanzu kiɗan ba ya tashi sai an kira shi, yana da ma'auninsa dabam da na murya, manhajar kuma tana tuna inda kowa ya bar shi.

Da na koma wurin Kawu, ya ja ma'aunin har ƙasa, ya saurari yadda Gizo ya yaudari Kura, yana dariya har da hawaye. Da labarin ya ƙare, ya dube ni ya ce, "To, yanzu ɗan ɗago mini gurmin nan kaɗan."