Idan Ruwa Ya Ja Mu Ƙasa, Mu Bar Bango



Duk wanda ya taɓa bin bangon murjani a Bahar Maliya, ko a Elphinstone kusa da Marsa Alam, ko a Sanganeb da ke gaban Port Sudan, ya san daɗinsa: dutse a gefe ɗaya, shuɗin ruwa marar iyaka a ɗayan. Amma a irin wannan wuri ne igiyar ruwa kan bugi tudun murjani ta gangaro ta jikin bango, ta ja mutum ƙasa da ƙarfi.

Haɗarin a lissafe yake. Kowace mita 10 tana ƙara matsi. A mita 30 iskar tukunyarmu tana ƙarewa ninki huɗu fiye da a sama, rigar iska ta matse, mu ƙara nauyi, mayen naitirojin kuma ya fara dagula tunani. Iyakarmu mita 40 ce, igiya kuwa ba ruwanta da iyaka.

Takan ba da alama kafin ta kama mutum. Kumfar numfashinmu ta daina hawa, ta koma ƙasa. Ƙananan kifaye su juya kai sama suna ta fama ba sa gaba. Murjani mai laushi ya sunkuya.

A nan zuciya takan ce mu manne da bango, mu yi ta harba ƙafa sama. Kokawa ce da ba ma ci, sai haki da ɓarnar iska. Galibi wannan igiya ba ta da faɗi, kuma ta fi ƙarfi a jikin dutse. Mafita ita ce mu nufi fili, nesa da bango, muna ɗan karkata sama, muna ƙara iska a riga. Da zarar ta sake mu, mu rage iskar nan take, domin haurawa da gudu wata musiba ce ga huhu da jini. Darma kuwa ba a yar da ita sai in babu wata dabara. Mu hau a hankali, mu tsaya minti 3 a mita 5, mu saki balan-balan na alama don mai jirgi ya gan mu.

Kafin mu shiga, mu yi shawara da abokin nutso kan inda za mu nufa idan ta taso. In kuma jagora ya ce yau ruwan bai yi ba, mu haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya mayar da mu gida lafiya.