Bulon naka ne, wuta ta tolye ce

Duk mai mota a Yamai ya san cewa ba sai ya yi ganganci ba jikin motarsa zai lotse. A titunan Kalley da ke kewaye da Babbar Kasuwa, inda tasi mai jan kai da ɗan kabu-kabu da mai kura ke rabon hanya guda, ƙofa kan lanƙwashe kafin mutum ya gama sallama. Daga nan sai lissafi ya tashi, ko ga ɗan kasuwa ko ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata: in sayo ƙarfen in ɗaura da hannuna, ko in kai wa tolye in biya?

Wannan lissafi ba yau ya fara ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan mota da ake shigowa da su suka yi tsadar da magabatanmu har yanzu suke ba da labari. Daga nan tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira «au revoir la France», suka cika gari ta tashar Kwatano da gadar Gaya, tare da ƙofofi da kapo na kwance. Da aka rufe iyakar Binin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙara hawa. Saboda haka ban ga laifin wanda ya ce zai ceci jikkunansa da hannunsa ba.

Sai dai ni abin da na fahimta, bayan yawan zama a bencin garajin unguwarmu ina jiran tsohuwar Toyota tawa, shi ne jikin mota kashi biyu ne. Akwai abin da aka ɗaure da bulon, wato noti: kapo, ƙofofi, murfin baya, parshok, da ƙarfen da ke rufe tayar gaba, wanda tolye ke kira «el». Akwai kuma abin da aka haɗa da walda tun daga masana'anta: rufi, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, gefen baya da dokin ƙofa na ƙasa. A ƙananan motocin zamani wannan kashi na biyu shi ne ƙashin motar kansa, shi ke ɗaukar duka ranar da hatsari ya auku. Na farko mai mota yana iya taɓawa. Na biyu kuwa, wanda ya taɓa shi ba da sani ba, da rayukan iyalinsa yake wasa.

Ko a kashin farko ma akwai sharaɗi. Na taɓa canza el na dama da kaina wata ranar Lahadi, da kile mai lamba 10 da taimakon ƙanena. Kwance tsoho da ɗaura sabo bai kai awa guda ba. Daidaita shi ne ya cinye mana yini. Dole tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, wajen milimita 3 zuwa 5, in ba haka ba ƙofa ta riƙa cizonsa duk lokacin da aka buɗe. Dabarar ita ce a sa dukan bulon sako-sako, a gwada ƙofa da kapo, sannan a ɗaure. Wanda zai taɓa ƙofa ko parshok na mota mai jakar iska kuwa, ya fara cire kan batir, domin akwai wayoyi da na'urori a ciki.

Inda mai mota ke tsayawa shi ne wurin wuta da fenti. Ƙarfen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba. In harshen wuta ya daɗe a kansa sai ya murɗe, kuma rufin da ke kare shi daga tsatsa ya ƙone. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: damina ɗaya ta isa tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashin fenti. Shi kuma fenti, ko da ka karanto lambarsa a ɗan allon da ke jikin motar, ranar Yamai ta riga ta kashe launin tsohon, sai mai ido ya gauraya ya gwada kafin su yi kama. Wanda ya fesa fenti a tsakar gida lokacin hunturu, ƙura ce za ta zauna a kai ta bushe. A nan ne na gane abin da muke biya: ba ƙarfin hannu ba ne, shekarun da mutum ya yi yana yaron garaji ne, yana riƙe ƙarfe a bayan fata maigidansa na buga guduma, har kunnensa ya san amon wurin da ya miƙe.

Ba kuma ina cewa kowane tolye abin yarda ba ne. Akwai wanda ba ya wahalar da kansa da guduma, sai ya cika rami da mastik ya shafe da fenti, bayan wata shida ya tsattsage kamar ƙasan tabki a bazara. Maganin wannan yana hannun mai mota. Ka je da kanka wurin masu kayan kwance ka zaɓi ƙarfen, ka duba bayansa ko an taɓa bugunsa. Ka yi ciniki a kan kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban. Ka nemi ganin aikin kafin a shafa fenti. In an gama, ka bi wurin da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, mastik ne ya yi kauri.

Saura magana guda, wadda ta fi shafar aljihu. Ƙasarmu na cikin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma asurans ɗin da doka ta wajabta ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba taka ba. In kuwa wani ne ya buge ka, to kada ka yi gaggawar ɗaukar kile: a yi konsta tukuna, ƙwararren da kamfanin asurans zai aiko ya ga motar yadda take. Wanda ya gyara kafin a gani ya goge shaidarsa da hannunsa.

To, ƴan'uwa, shawarata ke nan. Abin da aka ɗaure da bulon, in kana da haƙuri da ranar hutu, bismilla. Abin da ke buƙatar wuta da fenti, ka bar wa mai sana'a, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, amma ka tsaya a kansa da idon wanda ya san abin da ake yi. Allah ya kiyaye mana hanya.