Yadda ake gyara kalmar Hausa a manhaja ba tare da an kashe ta ba



Sau da yawa rubutun da kake gani a cikin manhaja, irin su "Aika" da "Goge", ba a jikinta yake ba. Yana zaune ne a wani fayil daban, kowane harshe da nasa. Lambar Hausa a duniyar kwamfuta ita ce ha. Shi ya sa a Android ake sa fassararmu a jakar values-ha, a shafukan intanet kuma sau da yawa za ka tarar da fayil mai suna ha.json.

Ni sana'ata gyaran waya ce a Shinaka, ƙaramar hukumar Goronyo. Da tsohuwar laftof na haɗa ɗan shafin da ke nuna wa mai waya abin da za a yi mata kafin ya amince. Galibin masu zuwa wurina manoman albasa ne da shinkafa, daga nan garin da ɓangaren Wurno da Rabah, kuma lambobin dillalansu duk suna cikin waya. Mu masu gyara in mun ce "za a wanke waya", muna nufin komai na ciki zai tafi. To dattijon da ya taso daga fadama fa? Shi ƙura yake zaton za a share masa. Ka ga kalma ɗaya tana iya raba mutum da masu sayen amfaninsa.

Don haka nakan karanta wa mutum jimla, in ce: "Baba, me ka fahimta?" In bayaninsa ya kauce, sai in sauya ta nan take, in sake karanta masa. A haka jimlar ta koma "Duk lambobi da hotuna za su goge, ba za su dawo ba."

Amma akwai matsala. Yawancin manhajoji sau ɗaya suke karanta fayil ɗin fassara, lokacin da aka kunna su, sai su riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Ka gyara kalma, ka duba shafi, tsohuwar na nan daram. Dole sai ka kashe ka kunna. Ga batir na ƙarewa, ga mutum tsaye yana son komawa gona. Wa zai jira ka?

In kai ma kana koyon haɗa shafi, ga mafita:

1. In da i18next kake aiki, yana da umarnin reloadResources, wanda ke sake ɗauko fayilolin fassara shafi na kunne.

2. In Spring ne na Java, yi amfani da ReloadableResourceBundleMessageSource, ka gyara cacheSeconds. Asalinsa -1 ne, wato ya riƙe har abada. Ka sa 1, ba zai wuce daƙiƙa ɗaya yana riƙe da tsohon ba tare da ya duba ko ka taɓa fayil ɗin ba.

3. In har yanzu tsohuwar kalmar kake gani, burauza ce ta ɓoye kwafi. A kwamfuta danna Ctrl da F5 tare, a waya kuma buɗe shafin sirri na Chrome.

4. Ajiye fayil a tsarin UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su iya komawa alamar tambaya.

Ka kula, wannan na lokacin gwaji ne. Ranar da ka saki shafin ga jama'a, ƙara tsawon lokacin, don yawan duba fayil na sa shi nauyi.

Kai da ba ruwanka da haɗa shafi, ga naka. Daga Android 13, wanda ya fito a 2022, kana iya zaɓa wa kowace manhaja harshenta daban a saitin harsuna, ba sai ka kashe waya ba, muddin masu ita sun tanadi haka. In ka ga Hausa a jerin, zaɓa wa iyayenka. In kuma wata kalma ta rikita su, rubuto mana ita a ƙasa, mu nemo wadda ta fi ta tare.