Kumbon Da Ya Ƙi Cin Birki

Mai karatu, in ka taɓa zama a Hanwa ka san kunnenmu ya saba da ƙarar jirgi. Ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya tun 1964, wadda kowa ke kira Abiyeshan, kusan a saman kanmu suke shawagi. Tun ina yaro nake ɗaga kai ina kallon yadda suke karkata fiffike in za su sha kwana. To, da na zauna haɗa wasan kwamfutata na farko a manhajar Unity, wasan tuƙa kumbo, haka na sa kumbona ya riƙa yi. Ai ko a Star Wars na 1977 haka muka ga ana yi, ga karkata, ga rugugi.

Wani abokina da ya karanta fizis a Jami'ar Ahmadu Bello ya gwada, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Malam, jirgin Abiyeshan ka yi wa fenti." Wallahi maganar ta soke ni, don ni ne a majalisa uban masu zagin daraktoci kan ƙarya a fim.

Ga inda gizo ke saƙar. Jirgin sama da iska yake jingina: ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke rage masa gudu. Can sama kuwa babu ita. Abin da Newton ya rubuta tun 1687 shi ke aiki: duk abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani abu ya tare shi. Sai na koma cikin umarnin da na rubuta. Sau da yawa a kowace daƙiƙa kwamfuta tana ƙara turin inji a kan gudun kumbo, sannan ta matsar da shi gwargwadon gudun. Akwai layi guda da ke ɗan zaftare gudun a madadin iska. Na goge shi.

Kai jama'a! Ka saki totur, kumbo na nan yana gudu. Ka taɓa maɓallin juyawa sau ɗaya, ya kama katantanwa ba ƙaƙƙautawa. Ka juya hancinsa gabas, shi kuwa yana ta tafiya arewa a kaikaice. In kana son tsayawa dole ka juya baya, ka hura wuta daidai yawan wadda ka hura da farko. Na yi murna ƙwarai, don ko Spacewar!, wasan da aka haɗa a MIT a Amurka a 1962, bisa wannan ƙa'idar yake.

Na miƙa wa ƙanena. Minti biyar bai cika ba ya ture kwamfutar. "Yaya, wannan ai horo ne, ba wasa ba." Ka ji fa, wata uku na aiki, kuma shi ne irin mutumin da na yi dominsa.

Dawo da layin iska ya fi sauƙi, amma raina ya ƙi. Sai na rubuta wa kumbon ɗan karen mota na ɓoye: da zarar ka saki maɓalli, shi zai auna juyin da kumbo ke yi, ya kunna ƙananan injinan gefe su kashe shi. Na sha wuya kafin ya daidaita, don in ya cika ƙarfi sai kumbon ya yi ta rawar ɗari, hagu da dama. Daga baya na gane ban yi ha'inci ba: kumbon Afolo 11 da ya sauka a kan wata a 1969 ma kwamfuta ce ke kunna masa irin waɗannan injinan.

Saura ƙara. Inda babu iska babu sauti, nan kam ba ni da mafaka. Na cire rugugin na kwana biyu, wasan ya zama kamar gidan makoki, na mayar da shi ina jin kunya.

Yanzu akwai maɓallin kashe karen motar. Abokina kullum sai ya kashe shi, ƙanena bai taɓa ba. Maɓallin kashe ƙara ma na sa, har yau cikinsu babu wanda ya danna, har shi mai fizis ɗin.