Ɗumamen da Muka Ba Baƙi

Rubutun wannan makon tonon asirin kanmu ne, mu biyu da ƙanenmu.

Da rani ne, muna dawowa daga farauta ta wajen Kusada, mota ta buge karenmu Baƙi a bakin titin Kano zuwa Katsina, daf da shiga Kankia. Ya miƙe da kansa, babu jini ko ɗigo, muka ce Allah ya tsare. Amma da dare ya ƙi kwanciya. Ya kwana a zaune, wuya a miƙe, yana jan numfashi guntu-guntu.

Mutanen unguwa sun sha dariya da suka ji wai kare za mu kai wa likita. Mun kai shi. Likitan dabbobin ya saurari ƙirjinsa, ya ce tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ya yage, kayan ciki sun haura sun danne huhu, sai an yi aiki. Ya ja mana kunne: kada ya ci komai daga dare har safiya.

Da asuba ya zuba mana ido, tausayi ya kama mu, muka tura masa ɗumamen tuwo. Da likita ya tambaya ko ya ci wani abu, muka haɗa baki muka ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Abin da ba mu sani ba, allurar barci tana rage ƙarfin numfashi, tana kuma kashe tarin da ke hana abinci faɗawa hanyar iska. Ana kwantar da shi rigingine sai ga amai. Dasashinsa ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, ƙirjin ya tsaya cik. Likita ya sunkuyar da kansa ƙasa, ya share bakin, ya zura masa bututu a maƙogwaro. Babu injin numfashi a wurin, sai wata jakar roba. Ya danƙa mana ita: "Ku ƙirga biyar, ku matsa. Kada ku fasa sai na ce."

Haka muka yi ta karɓa-karɓa har aka ɗinke shi, hannuwanmu na rawa.

Baƙi ya farfaɗo, amma abin da ya shaƙa ya zame masa ciwon huhu, ya yi makonni yana tari da shan allura. Yanzu ko zomo ya bi, ba ya nisa yake tsayawa yana haki.

Likitan bai yi mana faɗa ba. Tsumman da ya share bakin da shi kawai ya miƙo mana, da miyar kuka a jiki.