Mun Ci Tuwon Gayya, Saura Noma

Yau ina so in ɗan kauce wa maganar jigo da salo da zubi da tsari da muka saba tattaunawa a wannan mujalla tamu, in taɓo kayan aikin da muke yin rubutun da shi. Dalili kuwa shi ne, manomi komai ƙwarewarsa in fartanyarsa ta aro ce, to ranar da mai ita ya aiko a karɓa, ranar noma ya tsaya. Mu kuwa a yau fartanyarmu ita ce kwamfuta, amma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu wane ne mai iko da abin da ke cikinta ba.

Kowace kwamfuta tana da abin da za mu iya kira uwar manhaja, wato wadda ke fara tashi da zarar an kunna, ta shimfiɗa tabarma sauran manhajoji su zo su zauna, kamar ta buga rubutu da ta shiga intanet da ta kallon hoto. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma ta kuɗi ce, izinin amfani da ita mutum yake saye. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta tana bukatar kwamfuta mai sabon ƙarfe da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. To mu da mafi yawan kwamfutocinmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai kafin su iso kasuwanninmu, ina muka dosa? Mu jefar da abin da ke aiki lafiya lau, ko kuwa mu zauna a gidan da aka daina yi wa yaɓe?

Akwai hanya ta uku, ita ce nake so in ba ku labarinta. A shekarar 1983 wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Richard Stallman ya shelanta wani shiri da ya kira GNU, da nufin a gina uwar manhaja wadda kowa zai sami 'yancin ya yi amfani da ita, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya kuma raba wa wanda ya ga dama. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da wannan gini ke bukata, aka sa mata suna Linux. Daga nan mutane daga ƙasashe daban-daban, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganin juna ba, suka yi ta zuba hannu, wannan ya kawo tubali wancan ya kawo azara. Aka sami Debian a 1993, aka sami Ubuntu a 2004 a hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauko sunan daga kalmar Zulu da Xhosa mai ma'anar mutuntaka, sannan aka sami Linux Mint a 2006, wadda aka ɗora a kan Ubuntu. Duk Bahaushen da ya tashi a ƙauye ya san sunan wannan abu ba sai an faɗa masa ba. Aikin gayya ke nan. Wanda ma yake riƙe da wayar Android, ya sani ko bai sani ba, da wannan zuciya ta Linux wayarsa take numfashi.

Ni dai na shiga wannan gona ne a 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, muka sami kanmu zaune a gida ba allo ba alli. A watan Janairun shekarar ne aka daina kula da Windows 7 da ke kan 'yar tsohuwar kwamfutata, ga ta kuma ta yi nauyi, in na kunna ta sai in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Wani tsohon ɗalibina da ya karanta ilmin kwamfuta ya zo gaishe ni, ya ciro filashi daga aljihunsa ya ce, "Malam, bari in nuna maka wani abu, ba zan taɓa ko fayil ɗaya naka ba." Ashe ana iya tayar da Linux daga kan filashi kai tsaye, mutum ya gwada ta iya son ransa, in ya zare filashin kwamfutarsa ta koma yadda take. Na yi kwana uku ina jujjuya ta kamar mai sayen akuya, na ga firinta ta amsa, sauti ya fito, intanet ta haɗu. A rana ta huɗu muka kwashe rubuce-rubucena muka adana a wuri biyu, sannan ya saka mini Linux Mint ta zauna daram. Ko kwabo ban biya kowa ba, kuma ba satar fasaha na yi ba, domin masu ita ne da kansu suka ce a ɗauka a raba. Har yau da wannan kwamfuta nake shirya jarrabawar ɗalibaina, da ita kuma na buga wannan maƙala da kuke karantawa.

Abin da ya fara kama zuciyata shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Duk wanda ya yi rubutu a shekarun 1990 ya san wahalar da muka sha a kansu, ana gama buga littafi sai a bi shi da biro ana yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka wa Farfesa Abdalla Uba Adamu da alheri, domin zanen haruffa na Rabi'at da ya samar ya fitar da marubuta da maɗaba'u daga wannan ƙangi a lokacin da babu wata mafita. Yanzu kuwa tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin wadda kowace na'ura ta sani. A Linux, cikin jerin allunan rubutu da take zuwa da su akwai na Hausar Nijeriya, akwai ma na Hausar Gana, zaɓa kawai mutum zai yi. Wanda bai son canza allo, a mafi yawan manhajoji sai ya danne Ctrl da Shift da U tare, ya buga 0199 ya danna Enter, sai ga ƙ ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuwa 0253. Zanen haruffa irin su DejaVu da Noto duk suna ɗauke da su, saboda haka ƙasa ba ta komawa kasa, ɓari ba ya zama bari a hanyar zuwa wurin edita.

Da na ga daɗin abin sai na fara tallarsa a ɗakin malamai. Wani abokin aikina malamin lissafi, wanda ba ya son duk abin da zai canza masa hanyar da ya saba, ya zauna a gaban kwamfutata ya shigar da makin ɗalibansa a LibreOffice, wato tarin manhajojin ofis na kyauta da aka kafa a 2010, ya gama ya tashi. Sai da na tambaye shi yaya ya ji sabuwar manhajar, ya ce wace sabuwa? Shi bai ma lura ba. Wata 'yar'uwarmu marubuciya kuma ta zo gidana ranar wata Asabar idonta ya yi ja, ta kai filashinta wani shagon buga takardu, ta dawo ta tarar babi goma sha ɗaya na littafinta sun ɓace, sai wasu gumaka na bogi a madadinsu. Muka soka filashin a kwamfutata sai ga babobin nan reras, ko wasali bai ɓata ba. Irin wannan ƙwayar cuta ɓoye fayil take yi, kuma an rubuta ta ne don wata uwar manhajar daban, saboda haka a Linux ba ta da ƙafar tafiya. Wannan ba ya nufin Linux ta sha maganin ƙarfe, ita ma tana bukatar a riƙa sabunta ta, kuma marubucin da ya ajiye littafinsa a wuri ɗaya tak ya ɗora ƙwansa duka a kan jaki.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu fiye da kowa. Littafi yakan fi manhajar da aka rubuta shi da ita tsawon rai. Nawa ne daga cikin dattawan wannan ƙungiya suke da rubutun da suka buga shekaru talatin da suka wuce a manhajojin da yanzu ba a ko jin sunansu? LibreOffice tana ajiye rubutu a tsarin ODT, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, kuma bayanin yadda aka gina shi a buɗe yake ga kowa, don haka ba ya mutuwa da mutuwar wani kamfani. Tana kuma buɗe tsofaffin fayilolin Word da na WordPerfect. Da ita muka ceto wa wani dattijo wasan kwaikwayon da ya fid da rai da shi.

To amma kada in yi muku tallar mai maganin tasha, wanda garinsa ɗaya ke warkar da ciwo arba'in. Akwai wuraren da takalmin ke matsi. Masu ɗab'i a garuruwanmu da CorelDRAW da InDesign suka saba aiki, waɗannan kuwa ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da Scribus da ke yin irin aikinsu, sai dai mai maɗaba'a ba zai koyi sabon abu saboda kai kaɗai ba. Dabarar da na samu ita ce in mayar da aikina PDF kafin in kai, yadda ba abin da zai motsa. Haka nan in aka aiko maka da takardar Word mai jadawali da ado da yawa, wani lokaci sai ka ga layuka sun ɗan goce. Wasu firintocin sai an sha fama kafin su amsa. Saukar da ita kanta uwar manhajar yana cin data wajen gigabayit uku, ko da yake filashi ɗaya ya ishi unguwa guda. Babbar matsalar ma ita ce ta masu gyara, domin da yawansu in suka kunna kwamfuta suka ga abin da ba su saba gani ba, maganinsu na farko shi ne su goge komai. Saboda haka duk wanda zai kai gyara, ya kwashe rubutunsa tukuna, ya kuma ja kunnen mai gyaran. Littattafan koyar da kwamfuta na makarantunmu su ma hotunan Windows ne a ciki, amma na lura yaron da ya iya riƙe linzami ya kuma san allon rubutu, cikin rabin sa'a yake sabawa da kowace.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk lokacin da na buga shafi da Hausa, sai in ga jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma, domin LibreOffice ba ta zuwa da ƙamusun duba rubutun Hausa. In ka juya harshen kwamfutar zuwa Hausa, kalma ɗaya za ka gani da Hausa, goma da Turanci. A shekarun 2000 an taɓa yunƙurawa a Nijeriya aka fitar da Wazobia Linux mai Hausa da Yarabanci da Ibo, amma yunƙurin bai ɗore ba. A nan ba wanda za mu kai ƙara, domin ba wanda ya rufe mana ƙofa. Ƙofar a buɗe take dare da rana, masu harsunan da ba su kai rubu'in Hausa yawan jama'a ba sun shiga sun fassara komai da harshensu, saboda malamansu da marubutansu sun zauna sun yi. Mu kuwa mun zo gonar gayya mun ci tuwo mun sha kunu, mun goge baki mun kama hanyar gida.

Kada wani ya ce ai wannan aikin injiniyoyi ne. Ƙamusun duba rubutu a asalinsa jerin kalmomi ne da ƙa'idojin yadda suke sauyawa, kamar jam'i da jinsi da ɗafa-ƙeya. Wa ya fi mu su? Fassarar manhaja kuwa jimloli ne gajeru da ake nuna wa mutum ɗaya bayan ɗaya a dandalin fassara irin su Launchpad da Weblate, ya rubuta Hausarsu. Tambayar ita ce, wace kalma za ta zauna daidai, a ce adana ko ajiye, a ce goge ko share, a ce fita ko rufe? Wannan muhawara ce ta marubuta, irin wadda muke kwana muna yi a kan baiti ɗaya. In muka bar ta, wanda bai san bambancin gobe da jibi ba shi zai yi mana, ko kuwa inji ya yi, 'ya'yanmu su tashi da wata Hausa da ba ta da uwa ba ta da uba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce, a taronmu na wata-wata a ware ko da sa'a ɗaya ce don wannan aiki. A gayyato matasanmu da suka san kwamfuta su zo da filashi, duk mai tsohuwar na'ura ya kawo a gwada masa ba tare da an goge komai ba, in ta yi masa ya ɗauka, in ba ta yi ba ya bari, ba dole. Sannan kowane marubuci ya ba da jerin kalmomin da ke cikin littattafansa, malaman Hausa da ke cikinmu su tace su bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a haɗa a miƙa da sunan ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ai ba hannu ɗaya ba ne. Ga masu tasowa kuma da ke cewa rashin sabuwar kwamfuta ne ya hana su fara littafi, ku duba wadda ke kwance a ƙarƙashin gadon yayanku, wataƙila da sauran numfashinta.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya ba mu ikon saka wa waɗanda suka yi mana aiki ba su san mu ba.